Guduma, Montipora ko Acropora: wane murjani za ka fara sakawa a tankin ruwan gishiri?

Duk wanda ya taɓa shiga shagon masu sayar da halittun teku ya san shuɗin hasken nan da ke sa komai ya riƙa ƙyalli. Ga rassa kore shar, ga wasu ja wur, ga masu ruwan hoda da shuɗin baki, duk an jera su a kan 'yan fayafayan siminti. A gaban wannan gilashi ne sabon shiga ke yin kuskurensa na farko: ido ya zaɓa, aljihu ya biya, bayan mako uku a wayi gari da farin ƙashi a cikin tanki. Ni ma ta nan na bi. Reshen Acropora, wani murjani mai rassa, na farko da na saya, mai shagon ya tabbatar mini ba shi da wata wahala. Tankina a lokacin bai cika wata biyu ba. Da daddare na ga ɗan fari a gindin reshen, kafin azahar ta washegari naman ya saɓule kaf kamar an yi masa fiɗa.

Murjanin da nake magana a kansa dabam yake da jan murjanin da iyayenmu mata ke sakawa a wuya. Wancan, Corallium rubrum, a wurare masu duhu na Bahar Rum yake tsiro, kuma danginsa dabam. Namu shi ne mai gina tsaunukan ƙarƙashin teku, irin wanda aka sassaƙa duwatsunsa aka gina tsohon garin Jidda da Sawakin ta Sudan. Dabba ce, duk da kamarta da tsiro. Kowane ɗaya baki ne da 'yan yatsu kewaye da shi, yana zaune a kan ƙashin da yake ginawa da kalsiyam da kabonet ɗin da yake tsotsa daga ruwa. A cikin namansa akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke sarrafa haske ta ba shi mafi yawan abincinsa. Idan ka riƙe waɗannan abubuwa biyu, gina ƙashi da dogaro da haske, duk sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

'Yan kasuwa sun raba shi gida biyu. Akwai masu manyan baki da nama mai kauri, su ake rubuta wa LPS. Akwai masu ƙananan baki da siririn nama a kan ƙashi, su ne SPS. Malaman kimiyya ba sa amfani da wannan rabo, na masu kiwo ne kawai, amma yana da amfani a wurin saye.

A gidan LPS, waɗanda suka fi farin jini su ne dangin Euphyllia: mai kan guduma, mai kama da ƙwan kwaɗo, da tocila mai dogayen yatsu masu haske a baki. Masana sun mayar da biyun farko zuwa Fimbriaphyllia, amma a shago har gobe Euphyllia ake cewa. Sai Duncanopsammia ta Ostireliya, da Caulastraea mai kawuna kamar kakaki, da Micromussa lordhowensis da ta samo sunanta daga tsibirin Lord Howe, da Trachyphyllia mai zama a kan yashi kamar ƙwaƙwalwa a buɗe. A gidan SPS kuwa akwai Montipora, Stylophora, Pocillopora, Seriatopora da ake kira sheƙar tsuntsu, sai uwar gayya Acropora mai nau'i fiye da 100.

Bambancin da ya fi kowanne muhimmanci yana cikin ruwa, kuma abin mamaki lambobin kusan iri ɗaya ne ga gidajen biyu. Gishiri kashi 35 cikin 1000, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Zafi digiri 25 zuwa 26. Kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita, magniziyam wajen 1300, alkaliniti kuma, wato yawan kabonet ɗin da ke cikin ruwa, tsakanin 7 da 9 a ma'aunin dKH. Inda suka rabu shi ne yawan tangal-tangal da kowanne zai jure. Guduma idan alkaliniti ya sauko daga 9 zuwa 7 a cikin mako, za ta ɗan tsuke, ta yi fushi na kwana biyu, ta huce. Acropora idan ya yi irin wannan tsalle a cikin yini ɗaya, tana iya fara zubar da nama daga gindi ko ta ƙone a baki. Siririn naman nan ba shi da ajiya. LPS kamar raƙumi ne da tozonsa, SPS kuwa dokin sukuwa ne da ba ya yafe kuskuren ciyarwa.

Abin da ke ƙara wahalar shi ne SPS da kansu ke jawo tangal-tangal ɗin. Suna girma da sauri, don haka suna shan kabonet da yawa. Tankin da ya cika da rassa yana iya shanye dKH 1 ko fiye a kowace rana. Ga wani lissafi da ya kamata kowa ya haddace: duk dKH 2.8 da murjani ya sha, kalsiyam 20 kacal ke tafiya da shi. Ke nan kalsiyam zai sauko daga 430 zuwa 410, abin da ma'aunin gida ba lallai ya nuna ba, alhali alkaliniti ya faɗo daga 8.5 zuwa ƙasa da 6. Shi ya sa masu Acropora ke auna alkaliniti sau biyu ko uku a mako, wasu kullum, kalsiyam kuwa jefi-jefi. Mai 'yan kawunan LPS a tankin lita 150, canjin kashi 10 na ruwa kowane mako sau da yawa ya ishe shi mayar da abin da aka sha. Mai SPS dole ya koma ga ɗigo: ko dai ruwan farar ƙasa da Jamusawa ke kira Kalkwasser, wanda Peter Wilkens ya yaɗa, ko tsarin Hans-Werner Balling na zuba kalsiyam da baikabonet daban-daban da ƙananan famfuna. Ba banza sunayen Jamus suka cika wannan fanni ba. A birnin Berlin na Jamus ne cikin shekarun 1980 Dietrich Stüber ya raya Acropora a tankinsa, lokacin da ake ganin abin ba zai yiwu ba, kuma har yau jikokin wannan reshe na yawo a hannun masu kiwo.

Akwai kuma kuskuren da masu tsafta ke yi. Sun ji an ce SPS na son ruwa garau, sai su tace shi har naitiret da fosfet su koma sifili. Murjanin sai ya koɗe, ya yi fari-fari kamar marar jini. Ɗan datti abinci ne. Naitiret tsakanin 2 da 10, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, nan ne mafi yawan tankuna ke zama lafiya. LPS ma sun fi sakewa a ɓangaren sama na wannan zango, kuma suna jure abin da ya ɗara haka.

Haske kuwa ana auna shi da ma'aunin PAR. LPS suna wadatuwa da 50 zuwa 150. Montipora da Stylophora suna son 150 zuwa 250. Acropora daga 250 zuwa 400. Wannan kuɗi ne kai tsaye, domin fitilar da za ta ishi tankin LPS sai ka ninka ta kafin ta ishi Acropora, ga kuɗin wuta, ga zafin da take ƙara wa ruwa. Sannan a sani, yawan haske ya fi ƙarancinsa saurin kisa. Duk sabon murjani a fara ajiye shi a ƙasa, a riƙa ɗaga shi sannu a hankali cikin makonni.

Motsin ruwa ma haka. Acropora a teku tana zaune ne inda igiya ke dukan dutse, don haka tana son famfunan da za su juya ruwan tanki sau 30 zuwa 50 a awa, kuma ta fuskoki daban-daban. Irin wannan guguwa idan ta daki guduma kai tsaye sai ta yaga naman a kan kaifin ƙashinta, ciwo ya shiga. LPS na son kaɗawa mai taushi, yatsun su riƙa rangaji kamar gonar gero da iskar yamma. A gaskiya wannan rangajin ne ke sa baƙo ya tsaya a gaban tanki. Acropora ba ta motsi. Wanda bai san darajarta ba, itacen roba yake gani.

Mu zo kan launi, tunda shi ne ya kawo mu. Ƙyallin nan na kore da ja da ruwan lemo daga wasu furotin yake fitowa, masu karɓar shuɗin haske su mayar da shi wani launi. 'Yan'uwan furotin ɗin nan ne da Osamu Shimomura ya gano a jikin wata halittar teku mai kama da lema, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2008. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce: launin da ka gani a shago, ko a hoton Instagram, rabinsa aikin fitila ne. Ka nemi a nuna maka murjanin a ƙarƙashin farin haske kafin ka zaro kuɗi. Wanda ya yi kyau a nan, ya yi kyau da gaske.

A nan LPS suna da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba, suna riƙe launinsu. Micromussa mai zobba ja da kore da ka saya yau, haka za ta kasance baɗi, in dai ba ka gasa ta da haske ba, domin haske mai yawa kan mayar da masu launi da yawa su koma ja ko ruwan lemo zalla. Acropora kuwa launinta amana ce da ake karɓewa. Reshe mai shuɗi da ruwan hoda yana iya komawa ruwan ƙasa cikin wata guda idan haske ya gaza ko fosfet ya hau, saboda gansakukar jikinsa ta yi yawa ta rufe launin. Dawo da shi kan ɗauki watanni. Amma fa idan ta zauna, babu LPS ɗin da ke kama ƙafarta. Shuɗin Acropora tortuosa, ko gashin Acropora millepora a kan tebur mai faɗin tafin hannu biyu, abu ne da ke biyan duk wahalar da aka sha. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Zaman tare wani babi ne da ke ba sabon shiga mamaki. Masu taushin naman nan su ne mafaɗata. Da dare guduma da tocila suna fito da wasu dogayen yatsu masu dafi, su laluba kewaye, duk abin da suka taɓa su ƙone shi. Galaxea ta fi kowa, nata kan kai kusan tsawon santimita 30. A bar tazarar santimita 15 aƙalla tsakaninsu da maƙwabta. Guduma da ƙwan kwaɗo suna jure juna, tocila ba ta da wannan kara. Yawancin SPS ba su da irin wannan makami, nasu yaƙin na inuwa ne. Montipora capricornis mai faranti-faranti ruwan lemo tana shimfiɗuwa ta tare wa na ƙasa haske, Pocillopora kuma tana watsa 'ya'ya a ko'ina har ta zama ciyawa. Kifi ma a duba: ƙananan Centropyge sukan ɗanɗani naman LPS, yawancin kifin malam-buɗe-littafi kuwa bakunan SPS ne abincinsu.

Kowane gida da annobarsa. Euphyllia na fama da wata cuta mai kama da majina ruwan ƙasa, tana cinye kai guda cikin kwana ɗaya ko biyu ta tsallaka na kusa. Maganin shi ne a cire kan da ya kamu nan take, a wajen tanki. Acropora tana da shimfiɗaɗɗiyar tsutsa mai launin jikinta sak, sai dai ka ga tabon cizo da ƙwai a gindi, da kuma wasu jajayen ƙwari ƙanana kamar ƙura. Montipora tana da wata farar dodon-koɗi marar ɓawo da ke cin ta daga ƙasa. Ruwan tsomawa da ake sayarwa yana kashe manyan, ba ya kashe ƙwai. Don haka a yanke reshen daga faifan da ya zo da shi, a manna shi a sabo, kuma in da hali a killace shi mako huɗu zuwa shida a ƙaramin tanki. Mai LPS zai iya yin sakaci da wannan ya tsira sau da yawa. Mai Acropora 20 da tsutsar nan ta shiga tankinsa, ya shiga uku.

Ciyarwa ba ta da tsawo. LPS suna cin 'yan guntayen jatan lande sau ɗaya ko biyu a mako, kuma suna ninka kawuna da sauri idan ana ba su. Kallon Duncanopsammia tana naɗe abinci ta kai baki yana daga cikin daɗin abin. SPS kashin kifi da haske sun kusa ishe su. Sai dai a yi hattara da Tubastraea mai ruwan lemo kamar rana. Ba ta da gansakuka ko kaɗan, kowane baki sai an ba shi da hannu sau da yawa a mako, in ba haka ba yunwa ta kashe ta.

Ba duk LPS ke da sauƙi ba, kuma ba duk SPS ke da wuya ba. Goniopora mai dogayen wuya kamar furanni ta daɗe da sunan mai mutuwa kafin shekara, duk da cewa jajayen da aka raina a tanki sun fi juriya. Catalaphyllia ta Indunusiya ta yi ƙaurin suna da wata cuta tun ƙarshen shekarun 1990, ta Ostireliya ta fi lafiya. A ɗaya ɓangaren, Montipora digitata da Stylophora pistillata sun fi waɗannan biyun sauƙi nesa ba kusa ba. Ko a cikin Acropora akwai kore mai yauƙi, Acropora yongei, da ke yafe kurakurai da dama.

Batun farashi ya juya yadda mutum ba zai zata ba. Ƙaramin reshen Montipora ko sheƙar tsuntsu yana cikin mafi araha, saboda ana karya shi da hannu a manna da gam, ya sake tsiro. Masu kiwo ma kyauta suke ba juna. Tocila mai ruwan zinare kuwa kai ɗaya ya taɓa kai ɗaruruwan daloli, musamman bayan Indunusiya ta dakatar da fitar da murjani a 2018, ba ta sake buɗewa ba sai farkon 2020. Fiji ma ta rufe tata ƙofar a ƙarshen 2017. Ke nan SPS arahar saye gare su da tsadar riƙo, LPS kuma akasin haka. Duk murjani mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake fargabar ƙarewarsu, wato ba a tsallaka iyaka da shi sai da takardar izini. Wanda ya sako reshe a jaka daga Dubai ko Jidda ba takarda, ya san ya karya doka.

Ni dai ina fifita wanda aka raina a tanki ko a gonar teku a kan wanda aka sassaro daga daji. Ya saba da hasken fitila, ya fi juriya, kuma tekun ma tana cikin wani hali. Babban tsaunin murjani na Ostireliya ya koɗe a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024 saboda zafin ruwa. A nan SPS da LPS masu rassa suna da hujja, don ana ninka su cikin sauƙi. Trachyphyllia da Homophyllia australis baki ɗaya ne tal, suna girma a hankali, yanka su na da wuya, don haka yawancin waɗanda ke kasuwa daga teku aka ɗebo su.

Ga mai karatu da ke Kano, Abuja ko Yamai, akwai tambayar da ta riga duk waɗannan: wuta da zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, ruwan tanki zai wuce 30 idan babu na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai AC, kuma daga 29 zuwa sama murjani ke fara korar gansakukarsa ya koɗe. Acropora ce ke fara tafiya. Fanka a saman ruwa tana rage digiri ɗaya zuwa uku, kuma ta fi aiki a busasshiyar iska irin tamu, amma ruwa zai riƙa ƙafewa da yawa, sai an riƙa cikawa da tataccen ruwa marar gishiri, in ba haka ba gishirin ya hau. Da hunturu kuma sai hita. Idan aka ɗauke wuta, fitila ba ita ce abin damuwa ba, murjani zai yi kwana biyu ko uku a duhu lafiya lau. Tsayawar ruwa ce ke kisa, domin iskar shaƙa na ƙarewa cikin sa'o'i, kifi su fara mutuwa, ruwa ya ɓaci, sauran su bi. Wanda ba shi da inbata ko sola da za ta riƙe famfo dare da rana, kada ma ya fara. Wanda ke da abin riƙe famfo kaɗai, ban da na'urar sanyi, ya tsaya a kan LPS masu juriya a ɗaki mafi sanyi na gidan. Ga gishirin haɗawa da kayan awo, duk daga waje ake kawo su, sai a tanadi na wata uku a gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To wa zai ɗauki me? Idan tankinka bai kai wata shida ba, ko aikinka na tafiye-tafiye ne, ko lita 100 kawai gare ka inda ɗan kuskure ke zama babba, ka ɗauki Duncanopsammia, Caulastraea da guduma mai rassa, ka ƙara Micromussa a ƙasa. Ka zaɓi guduma mai rassa a kan mai bango, don idan kai ɗaya ya kamu za ka iya karye shi ka ceci sauran. Wannan tanki ne cikakke, mai launi da motsi, kuma mutane da yawa a nan suke zama har abada ba tare da sun rasa komai ba.

Idan kuwa rassan nan ne suka shiga ranka, ka bi ta Montipora. Ka jira har wata gansakuka mai tauri ruwan hoda ta fara fesowa a kan duwatsu da gilashi, alamar ruwan ya fara gina ƙashi. Ka saka digitata ɗaya da Stylophora ɗaya, ka sami littafi kana rubuta alkaliniti duk bayan kwana biyu. Idan wata uku suka wuce lambar ba ta kauce da fiye da rabin dKH ba, kuma bakin rassan ya yi fari tas yana tsawo, wanda shi ne alamar girma, sai ka nemi koren yongei daga tankin wani mai kiwo da ka ga uwar da idonka. Reshe ɗaya, a ƙasan dutse, ka bar shi mako biyu kafin ka ɗaga.